Ina Fanka Za Ta Fuskanta? Tafiyar Iska a Kwamfutar Wasa Mai Sanyaya da Ruwa

Katin girafik na RTX 5090, wanda kamfanin Nvidia ya fitar a Janairun 2025, yana shan wuta har wat 575. Furosesar Core i9-14900K ta Intel, idan aiki ya kai aiki, takan kai wat 253 bisa ƙa'idar kamfanin kansa. Kusan duk wutar da suka sha zafi take zama, kuma a cikin akwati ɗaya wanda mutum zai iya rungumarsa ya ɗaga. Ko mai matsakaiciyar kwamfutar wasa, wanda aljihunsa bai kai ga waɗannan manya ba, yana da wat 300 zuwa 400 na zafi da dole su sami ƙofar fita muddin wasa na gudana.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗin kansu. Sai mutum ya sayi na'urar sanyaya da ruwa, ya ga tiyo biyu da fitilu masu launi, ya ɗauka ya sallami zafi ke nan. Ruwa ba ya cinye zafi, ɗauka yake daga nan ya kai can. Farantin jan ƙarfe yana manne a kan furosesa, a bayansa akwai siraran tsage-tsage da ruwa ke bi. Ƙaramin famfo yana tura ruwan ta tiyo zuwa lagireto, kamar dai na mota, a can ya bi ta bututu masu ɗauke da siraran ganyen alminiyam, fankoki su hura iska ta tsakaninsu, ruwan ya huce ya dawo. Fifikon ruwa a wannan aiki ba abin musu ba ne. Giram ɗaya na ruwa yana ɗaukar zafi ninki huɗu na abin da giram ɗaya na iska zai ɗauka, ga shi kuma ya fi iska nauyi wajen sau 800. Idan aka haɗa lissafin, abin da lita ɗaya ta ruwa ke ɗauka sai wajen lita 3,500 ta iska ta taru a kansa. Amma ruwan da ke cikin irin na'urar da ake sayarwa a rufe, wadda ake kira AIO, bai kai rabin lita ba. Cikin 'yan mintoci ya ɗumama. Daga nan duk abin da ya karɓa sai ya miƙa wa iska, idan kuwa iskar ba ta wucewa, ko kuma da zafinta ta iso, haka zai yi ta zagaye da kayansa ba wurin saukewa. Duk kwamfutar da ake cewa ruwa ke sanyaya ta, a ƙarshe iska ce ke fitar mata da zafi. Abin da ruwan ya ba mai ita shi ne zaɓin wurin da zafin furosesa zai haɗu da iska, kuma gardamar fankoki gaba ɗayanta a kan wannan zaɓin take.

Kafin gardama akwai abin da ba shi da gardama, shi ne kuma ya fi kayar da masu haɗa kwamfuta karon farko: gane ta ina fanka ke shaƙa, ta ina take hurawa. Fankar akwati fuska biyu gare ta. Ɗaya a buɗe take, farfela kawai ake gani. Ɗayar tana da sanduna, galibi huɗu, masu riƙe da injin fankar, ta nan waya ke fitowa, nan kuma takardar kamfani mai bayanin wuta take manne. Iska tana shiga ta buɗaɗɗiyar fuskar ta fita ta ɓangaren sanduna. Fankoki da yawa suna da ƙananan kibiyoyi biyu a gefe, ɗaya na nuna inda farfela ke juyawa, ɗaya inda iska ta nufa. Wanda bai amince da idonsa ba ya kunna ta ya kara mata ɗan tishu, ko ya kunna turaren tsinke a kusa ya ga inda hayaƙi ya bi. Sai dai a kula, yanzu akwai fankoki masu farfela a juye, irin waɗanda Lian Li da Corsair ke yi, masu hura iska ta kyakkyawar fuskar. Don ado aka yi su, zan dawo kansu. Wanda ya sayi irin su bai sani ba, ya ɗaura bisa tsohuwar ƙa'ida, zai tarar iskar akwatinsa ta juya baya.

To iska nawa ake bukata? Idan kayan ciki suna fitar da wat 500, ana kuma so iskar da ke fita kada ta ɗara wadda ta shiga da fiye da digiri 10, sai lita 40 da 'yan kai sun ratsa akwatin a kowace daƙiƙa. Matsakaicin akwati irin Corsair 4000D duka-duka girmansa bai kai lita 50 ba, har da ƙarfensa da kayan cikinsa. Wato kusan duk daƙiƙa sai an sauya iskar ciki gaba ɗaya. Fanka ta ƙwarai mai faɗin milimita 120, irin NF-A12x25 ta kamfanin Noctua na ƙasar Ostiriya, tana tura wajen lita 28 a daƙiƙa, amma fa a sarari ba abin da ya tare ta, kuma a ƙarshen gudunta na juyi 2,000 a minti, inda ƙararta ba za ta bari a manta da ita ba. Da zarar an sa mata rariyar ƙura a gaba da lagireto a baya, aka kuma rage mata gudu don kunne ya huta, abin da take turawa ya ragu ƙwarai. Shi ya sa fanka ɗaya a gaba ɗaya a baya, wanda ya wadaci kwamfutar ofis, ba ya isar ta wasa. A riƙe wani abu daga lissafin nan, don shi zai raba gardamar da ke tafe: da wannan yawan iska, kowane wat 100 yana ƙara mata digiri 2.

Tsarin da aka saba shi ne iska ta shiga ta gaba da ƙasa, ta fita ta baya da sama. Ba haka aka fara ba. Lokacin da Intel ta fito da tsarin ATX a 1995, wanda har yau a kansa ake ƙera yawancin madabod da akwatuna, an so fankar na'urar ba da wuta ta zuƙo iska daga waje ta hura wa furosesa. Ba a daɗe ba aka juya ta ta zama mai fitarwa, domin iskar da take hurawa ta riga ta ɗumama a cikin na'urar wutar. Akan ce ana fitar da iska ta sama ne saboda iska mai zafi sama take yi. Gaskiya ne tana yi, amma ƙarfin hawan nata bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da na fanka mafi rauni. Dalilan gaske sun fi haka sauƙi. Ƙura daga sama take sauka, fankar da ke shigar da iska ta sama kuwa maraba take yi da ita. Furosesa da kayan da ke daidaita mata wuta suna can sama ta baya. Fankokin katin girafik ƙasa suke kallo, daga ƙasa suke sha. Abin da ya fi duk waɗannan shi ne iska ta sami hanya ɗaya miƙaƙƙiya: ta shiga, ta bi ta kan abin da ke da zafi, ta fita. Kada fanka biyu su yi karo, kada kuma a fizge wadda ta shigo yanzu kafin ta taɓa komai. Wannan na ƙarshen yakan faru idan aka sa mai fitarwa a rufin akwati can ta gaba, dab da mai shigarwa: iskar sai ta sha kwana a kusurwar ta fice da sanyinta.

Lagireto: gaba ko sama?

Idan lagireto yana gaba ko a gefe, fankoki na zuƙo iskar ɗaki ta cikinsa, ruwan yana samun iska mafi sanyi da ake da ita, amma zafin furosesa ya shiga akwati, kati ya shaƙa. Idan yana sama yana fitarwa, zafin furosesa waje yake tafiya kai tsaye, amma iskar da ke ratsa lagireton ita ce wadda kati ya gama gasawa. Dole dai ɗaya ya shaƙi numfashin ɗaya. Tambayar ita ce wa ya fi cutuwa.

Amsar da ta fi yawo ita ce a sa shi sama, kuma tana da hujja. A yawancin wasanni katin girafik ne ke ɗauke da nauyin aiki, shi ke yanke yawan hotunan da za su fito a daƙiƙa, kuma katunan Nvidia na zamani suna rage gudu kaɗan-kaɗan yayin da zafinsu ke hawa, tun ba su kai iyaka ba. Furosesa kuwa tana da sarari. Na Intel sai sun kai digiri 100 suke ja da baya, yawancin Ryzen 7000 na AMD ma an ƙera su su iya zama a 95. Saboda haka, in ji masu wannan ra'ayi, a ba kati sabuwar iska, furosesa ta yi haƙuri da saura, tun da ga ruwa an ba ta.

Sai dai lissafi bai goyi bayansu gaba ɗaya ba. A cikin wasa furosesa ba ta shan wuta kamar yadda takardarta ta nuna. Ryzen 7 7800X3D, wadda masu wasa suka yi rububinta, wat 120 aka rubuta mata, kuma ba kasafai take kusantar hakan a wasa ba. Mu ƙaddara ma wat 100 ne. Idan lagiretonta yana gaba, digiri 2 kacal ya ƙara wa iskar da kati zai sha. Kati mai wat 400 kuwa yana iya ƙara wa iskar akwati digiri 8 kafin ta isa lagireton da ke sama. Abin ya ƙara tsananta tun 2020, lokacin da Nvidia ta kawo jerin RTX 30 da tsarin da fanka ke hura iska ta ratsa jikin kati ta fito ta bayansa, wato sama, kai tsaye zuwa ga ram da rufin akwati. Kamfanoni da yawa sun bi sahu, RTX 5090 na Nvidia kanta ma fankokinsa biyu duk haka suke yi. Lagireton da ke sama ya zama a bakin hayaƙin kati yake zaune. Ribar da furosesa ke ci idan aka koma gaba ta fi asarar da kati ke yi, haka kuma gwaje-gwajen masu sharhin kaya sukan nuna: furosesa ta huce da digiri da dama, kati ya ƙaru da kaɗan.

Asarar kati ta gaske ba a digiri biyun nan take ba, a yawan iska take. Lagireto katanga ce mai ƙananan ramuka. Fankoki uku da ke bayansa ba za su shigar da abin da za su shigar ba in da hanya a buɗe take, kuma idan su kaɗai ne ƙofar akwatin, kati zai zauna da ƙishin iska. Ga kuma matsalar wuri: lagireto da fankarsa sukan ci sama da santimita 5, manyan katuna da yawa kuwa sun haura santimita 33, sai a tarar ba su shiga ba. Wannan kaɗai ya yanke wa mutane da yawa hukunci tun kafin a zo maganar zafi.

Akwai kuma abin da bidiyoyin sharhi ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa ya dame mu. Masu gwada kaya a Amurka da Jamus a ɗakuna masu sanyi suke aiki, digiri 20 da 'yan kai. Abin da ke bin kwamfuta duk inda ta je shi ne tazarar da ke tsakanin zafin na'ura da zafin ɗaki, ba lambar da aka gani a allo ba. Furosesar da ta tsaya a 70 a ɗaki mai digiri 22 za ta kai wajen 85 a ɗaki mai 37, wanda ba baƙon abu ba ne a Kano ko Sakkwato ko Yamai a watan Afrilu idan ba iyakwandishan. Ruwa ba ya sauka ƙasa da zafin iskar da ke ratsa lagiretonsa, dole ma ya ɗara ta kafin ya iya miƙa mata komai. A ce ɗaki 37 ne, kati ya ƙara 8, ruwan ya ɗara da 10: an kai 55. Kamfanoni da dama sun ajiye iyakar zafin ruwan a wajen 60, kuma tun kafin a kai nan ruwa mai zafi yana saurin ƙafewa ta jikin tiyo, yana kuma gajiyar da famfo. Abin da a Berlin bambancin lamba ne a allo, a nan yana iya zama bambancin shekarun da na'urar za ta yi.

Don haka ni dai a ganina, mai babban kati a ɗaki mai zafi ya fi dacewa ya ba lagireto iskar waje, ta gaba ko ta gefe, bisa sharaɗi biyu: a sa rariya a gabansa, kati kuma ya sami tasa iskar daga ƙasa ko daga wata fanka da lagireto bai tare ba. Wanda katinsa bai wuce wat 250 ba, ko yake da iyakwandishan da wutar da za ta riƙe shi, ya sa sama ya huta, bambancin ba zai kai inda ido zai gani a wasa ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne masu cewa ko da yaushe sama, ba tare da sun tambayi wane kati ba, wane ɗaki. In ma za a faɗi gaskiya, furosesa mai wat 120 babbar na'urar sanyaya da iska ta ishe ta, kuma ita ba ta da famfon da zai mutu a bar mutum yana jiran saƙo daga Legas ko Dubai. Amma wanda ya riga ya saya ya saya.

Famfo da iskar da ke cikin ruwa

Wurin lagireto bai shafi zafi kaɗai ba. AIO ba a cika shi taf, kullum akwai 'yar iska a ciki, tana kuma ƙaruwa da shekaru yayin da ruwan ke raguwa. Iskar nan wuri mafi tsayi take nema ta zauna. A yawancin AIO famfon yana cikin kan da ke zaune a bisa furosesa, tsarin da kamfanin Asetek na Denmark ya yi suna da shi, wanda kuma Corsair H50 ta 2009 ta shigar da shi gidajen mutane. Idan kan nan ne ya fi komai tsayi, iskar a cikin famfo za ta taru. Sai a fara jin ƙululu da gurnani, ruwa ya rage tafiya, famfon kuma ya riƙa cin kansa, domin ruwan shi ne ke sa masa santsi. Steve Burke na tashar Gamers Nexus ya yi bidiyo a kan wannan a 2020, mutane da yawa suka firgita suka kwance kwamfutocin da ba abin da ya same su.

Ƙa'idar ɗaya ce: wani sashe na lagireto ya fi famfo tsayi. Idan yana sama, magana ta ƙare, wannan ma babbar hujja ce ga masu son sama. Idan yana gaba a tsaye, gara tiyo su fito ta ƙasa, domin iskar ta tafi can ƙarshen sama ta zauna nesa da bakin tiyo. Idan tiyo sun yi gajarta, ko kati ya tare hanya, a bar su ta sama ba laifi, muddin saman lagireton ya fi famfo tsayi. Iyakar abin da zai faru shi ne ɗan ƙululu idan ruwa ya fara raguwa. Wanda ya kamata a guje wa shi ne shimfiɗa lagireton AIO a ƙasan akwati, famfo yana bisansa.

Ƙura

Akwati ba a toshe yake ruf ba. Akwai ramuka a baya, a jikin murafan da ke kusa da kati, a gefen gilashi, a duk inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Idan fankoki masu fitarwa sun fi masu shigarwa ƙarfi, akwatin zai cike giɓin ta waɗannan ramukan, ba kuma rariya a kansu. Idan masu shigarwa ne suka ɗara, iska turowa waje take yi ta ramukan, kusan duk abin da ya shiga kuwa ta rariya ya bi. Wannan na biyun shi ake so, amma da ɗan rinjaye kaɗan, ba a cusa iska a akwatin da ba ta da mafita ba. Ƙirga fankoki ba ya wadatarwa. Uku da ke bayan rariya da lagireto suna iya kasa biyu da ke fitarwa a sarari, mai milimita 140 kuma ta fi mai 120 turawa a gudu ɗaya. Turaren tsinken nan zai sake amfani: a kara shi a ramukan baya kwamfuta na aiki. Idan hayaƙi ya shige ciki, a rage gudun masu fitarwa ko a ƙara na masu shigarwa a cikin BIOS, ba sai an sayi sabuwar fanka ba.

Wanda ke zaune inda hunturu ke kaɗawa kada ya sa rai wannan dabarar za ta raba shi da ƙura. Ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta yi laushin da za ta ratsa ragar da ke zuwa da yawancin akwatuna. Abin da rinjayen iskar shiga ke yi shi ne ya rage ta, ya kuma tara mafi yawanta a wuri ɗaya da hannu ke kaiwa. Lagireto ya fi komai shan wahalarta, domin tazarar ganyensa ƙarama ce, ƙura da zaren tufafi sukan saƙa masa bargo a fuskar da iska ke shiga. Abin yaudarar shi ne a Disamba da Janairu, lokacin da ake tara ƙurar, gari da sanyi, lambobi suna da kyau, ba wanda ya lura. Sai Maris da Afrilu sun shigo bazara ta tarar da lagireto a toshe. Wanke rariya duk mako a hunturu ba ɓata lokaci ba ne, kuma kafin zafi ya kankama a fitar da akwatin waje a bi lagireton da bulowa, a riƙe farfela da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. Ɗaga akwati daga ƙasa zuwa kan tebur ma yana rage abin da yake shaƙa.

Sai maganar gilashi. A 2018 Lian Li, tare da Bajamushen nan Roman Hartung da aka fi sani da der8auer, ta fitar da O11 Dynamic, akwati mai gilashi ta gaba da ta gefe, wanda ya sauya fasalin kwamfutocin wasa har yau. Shi ya yi aiki ne domin an buɗe masa wasu hanyoyi uku: ƙasa, gefen madabod, da sama. Fankokin ƙasa suna hura wa kati kai tsaye, lagireto yana iya zama a gefe yana shan iskar waje ko a sama yana fitarwa. Sharaɗin da na gindaya ɗazu a irin wannan akwatin ya fi sauƙin cika. Amma nan ne ado ke yaudara. Fankar da ke shigar da iska daga ƙasa ko gefe, ɓangarenta mai sanduna da waya shi ke kallon ciki, inda ido ke gani. Sai mai akwati ya juya ta don fitilu su fito, ya wayi gari fankoki tara duk fitarwa suke yi, akwatin yana zuƙar iska da ƙura ta kowace kafa. Saboda wannan aka ƙirƙiro masu farfela a juye. Mafi muni kuma su ne akwatunan araha da suka kwaikwayi gilashin ba su kwaikwayi hanyoyin ba, fankoki uku manne a bayan gilashi da tazarar da yatsa ba zai shiga ba. Suna juyawa, suna haske, ba sa shigar da komai. Ko manyan kamfanoni sun sha suka a kan rufaffiyar gaba: NZXT ta fito da H510 Flow mai huda-huda a 2021 bayan an daɗe ana kuka da H510. A shekarar ce Fractal Design ta ƙasar Suwidin ta fitar da Torrent mai fankoki biyu na milimita 180 a gaba. Wanda za a ba zaɓi tsakanin raga da gilashi a ƙasa mai zafi, ya ɗauki raga.

Masu haɗa nasu tsarin ruwan da kansu, waɗanda ke sa kati da furosesa duka a ruwa ɗaya, lissafinsu daban ne. Ba sauran kati mai hura zafi a akwati, amma wat 700 ko 800 duk lagiretoci za su ɗauka. Idan na gaba yana shigarwa na sama yana fitarwa, na saman yana shan iskar da ɗan'uwansa ya ɗumama, aikinsa ya ragu, ko da yake har yanzu ya fi babu. Shi ya sa wasu ke mai da lagiretoci duka masu shigarwa su bar iska ta fita ta baya, wasu su mai da su duka masu fitarwa su buɗe wa iska wata ƙofa mai rariya, wasu kuma su fitar da lagireto daga akwati gaba ɗaya, kamar MO-RA na kamfanin Watercool na Jamus. Jerin da ruwa zai bi, wa zai fara wa zai biyo, bai kai yadda ake kambama shi ba, domin ruwan yana zagayawa da saurin da zafinsa kusan ɗaya ne a ko'ina. Tankin ajiyar ruwa dai ya kasance shi ke ciyar da famfo.

Sauran ƙananan tambayoyi ba su bukatar dogon zance. Fanka ta tura iska cikin lagireto ko ta jawo ta cikinsa, bambancin zafi kaɗan ne, sai dai idan jawowa take, ƙura tana taruwa a fuskar da ba fanka, wadda ta fi sauƙin sharewa. Lagireto yana son fanka mai ƙarfin matsi, mai faffaɗar farfela da ke kusa da juna, irin Arctic P12, ba wadda aka yi don sarari ba. Fankar baya kada a cire ta don an sa ruwa: da aka ɗauke babbar na'urar sanyaya da iska daga kan furosesa, an ɗauke iskar da ke shafar kayan daidaita wuta da ke kewaye da ita, abin da ya sa Arctic ta maƙala 'yar ƙaramar fanka a kan famfon Liquid Freezer II. Na'urar ba da wuta kuma a yawancin akwatunan yau fankarta ƙasa take kallo, tana shan iskarta ita kaɗai ta fitar ta baya, don haka kafet mai kauri yana iya shaƙe ta.

Gudun fankoki ma yana da tasa dabarar. Zafin furosesa yana tsalle cikin daƙiƙa ɗaya, na ruwa kuwa a hankali yake hawa. Idan aka ɗaure fankokin lagireto da zafin furosesa, za su yi ta tashi suna sauka a banza duk lokacin da aka buɗe wani shafi. Inda na'urar ke auna zafin ruwa, da shi ya kamata a ɗaure su, inda ba ta aunawa a sa musu jinkiri na 'yan daƙiƙoƙi. Famfo a bar shi a gudu ɗaya. Fankokin da ke ciyar da kati kuma zafin kati ya kamata su bi, abin da yawancin madabod ba sa yi da kansu, amma manhajar Fan Control ta kyauta tana yi.

Wanda yake so ya san ko akwatinsa na numfashi, gwajin ba ya cin ko kwabo. Ya buɗe manhaja irin HWiNFO, ya yi wasa mai nauyi na rabin awa, domin ruwa ba ya nuna zafinsa na gaskiya a mintocin farko, ya rubuta zafin kati da na furosesa da na ɗakin. Sannan ya cire murfin gefe ya maimaita. Idan saukar ba ta wuce digiri 2 ko 3 ba, tsarin ya yi, ya mayar da murfi. Idan ta kai 8 ko 10, iska ba ta isa ciki, kuma kafin ya kashe kuɗi a sabbin fankoki ya duba rariya, ya duba tazarar da ke gaban fankokin gaba, ya kuma bi su ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar kowace tana hurawa inda ya zata.